Yatsu a Bangon Gabas

Mutanen Matameye ba su nufi Malam Almu da sharri ba, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsu ya shaida. Abin da suka yi masa da zuciya ɗaya suka yi shi, da hatsinsu da guminsu, kuma an daɗe in ana zancen zumunci a garin sai an kawo shekarar da aka tashi gayya aka gina wa tsohon malami soro. Rabin labarin ke nan, shi ne kuma rabin da ke da daɗin faɗi.

A lokacin Nasara bai daɗe da kafa mulkinsa a Damagaram ba, mutane suna cikin koyon biyan haraji da kuɗinsa da tsugunawa gaban kumandan, babban jami'insa. Malam Almu ya tsufa tukuf, idonsa ya tafi, makarantarsa ta watse. Rabin magidantan unguwar a gabansa suka yi babbaƙu da farfaru, amma yanzu ba abin da ya rage masa sai buzu da buta da sanda, da ɗaki guda na ƙasa a tsakiyar danga. Zauren ya daɗe da zubewa. Matarsa Fadima ta rasu. Ƙanwarta Baiwa, wadda gidanta ke bayan nasa, ita ke kawo masa fura da rana, tuwo da yamma, kowanne ta haɗa masa da faɗa, don tsakaninsu akwai wasan nan na miji da ƙanwar mata, wanda ko tsufa bai kashe shi ba.

Ɗakin kuwa sai addu'a. In damina ta faɗi, Baiwa kan jera ƙore da kasake a ƙasa har tsohon ya rasa inda zai miƙe ƙafa. Gara ta cinye azara. Bangon gabas ya tsage daga sama har kusan tsakiya, tsagar da ƙadangare ke shiga ya juya ya fito. Duk wanda ya gan shi sai ya ce wannan bango yau ne ko gobe. Shi ne kuma abin da Malam Almu ya fi so a duk duniyar nan, ba wanda ya sani.

Ɗansa Isufu ne ya yaɓa shi. Isufu ba magini ba ne, saurayi ne dai mai ƙarfi da ya ga bangon ubansa ya zaizaye, ya kwaɓa ƙasa ya yaɓa da hannu yadda ya iya. Yana ƙarami igiyar guga ta taɓa kama masa ɗan ƙaramin yatsa na dama, ya warke a karkace. Saboda haka duk inda ya ja hannunsa a ɗanyar ƙasa, layi uku suna tafiya tare, na huɗun ya baude ya kama tasa hanya. A wuri guda, daidai kafaɗar mutum in yana zaune, ya dafa bangon don ya miƙe, tafinsa ya fito ɓaro-ɓaro, bai damu ya goge ba.

Lokacin Malam yana gani. Ya shigo ya dubi aikin, bai dubi mai aikin ba, ya juya wajen Fadima ya ce, "Wannan yaɓe ne, ko kaji aka saki a kai?"

Iyakar ladan da Isufu ya samu ke nan, ya kuma yi dariya, don ya san ubansa. Shi ɗan fari ne, kuma ɗan fari a wurinmu kunyarsa ake ji. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa, ba ya yarda a kama shi yana kallonsa. Wasu iyayen suna ɗan sassautawa in ba idon mutane. Malam Almu bai san sassauci ba. Tun ranar suna, da aka raɗa wa yaron, sunan bai sake fitowa daga bakinsa ba. In zai kira shi sai ya ce "kai", in zai yi zancensa sai ya ce "wancan". Mutane suna yaba masa, suna cewa ga mutum mai kunya irin ta mutanen da.

Ranin da aka yi yaɓen, a cikinsa Nasara ya aiko a ba shi samari, wai yaƙi ya tashi a can ƙasarsu. Aka ɗora wa kowane gari nasa rabo, Isufu ya faɗo a ciki. Safiyar tafiya ya zo ya tsuguna a ƙofar zaure, Malam yana zaune da manyan ɗalibansa, littafi a buɗe a gabansa. Isufu ya ce, "Baba, za mu tashi." Malam bai ɗaga kai ba. Ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ya ci gaba da karatu daga inda ya tsaya, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Har aka yi kwanaki ana labarin dauriyarsa a bakin masallaci.

Yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo da manyan riguna da ɗan Faransanci a baki, wasu aka aiko cewa sun mutu. Isufu bai dawo ba, ba a kuma aiko ba. Wani ya ce ya gan shi ana sa su a jirgin ruwa, wani ya ce a'a, wani Isufun ne. Fadima ta yi ta kallon hanyar Damagaram har ta kwanta ba ta tashi ba. 'Yan'uwa suka ce a yi wa yaron sadaka a huta, Malam ya ce shi bai ji wanda ya ce ya ga gawa ba, aka bar maganar.

Sai da idonsa ya rufe sannan ya gano bangon. Wata safiya yana laluben sandarsa hannunsa ya faɗa cikin layukan nan, uku tare, ɗaya a baude. Ya bi su a hankali har ya kai ga tafin. Ya sa nasa hannun a ciki, ya zauna daram, sai ɗan ƙaramin yatsa ne kawai ya ƙi shiga gurbinsa. Tun daga ranar, kullum in ya idar da sallar asuba sai ya matsa ya sa hannu a wurin, ya daɗe, kafin Baiwa ta yi sallama. Abin da bai yi ba yaron yana tsugune a gabansa, shi yake yi wa busasshiyar ƙasa. Muddin tafin nan yana nan, a zuciyarsa Isufu tafiya ya yi.

To, ƙarshen wata damina wani ɓangaren rufin ya rufto, ya faɗi a kan buzun, Allah ya sa Malam yana waje yana alwala. Baiwa ta ɗaura zane ta nufi ƙofar masallaci, ta tsaya daga nesa inda mata ke tsayawa, amma muryarta ba ta tsaya nan ba.

"Ku da kuke ja wa mutane salla, wa ya koya muku Fatiha? Sai ɗaki ya danne shi za ku zo da manyan rawuna kuna Allah ya jiƙan Malam?"

Maganar ta shiga. Wanda ta fi shiga shi ne Inusa magini, sa'an Isufu, wanda tare suka sha bulalar Malam. Ranar Juma'a bayan an sallame ya miƙe ya ce a yi karo-karo, kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa, shi ya ɗauki aikin hannu kyauta. Wanda bai san mutanenmu ba sai ya ce za a yi ta jan ƙafa. Ina. Kunya ta riga ta kama kowa, aka shiga gasa. Manoma suka kawo dammunan gero na abincin 'yan gayya. Fatake suka ce azara tasu ce, za su ɗauko ta a raƙuma. Marina suka ba da katsi na shafen rufi, mata suka shiga tara ɓawon ɗorawa na makubar shafen bango, suka ce daɓe kuma kada wani namiji ya sa musu baki. Har Illa mahauci, wanda ba a taɓa jin ya ba da ƙashi kyauta ba, ya yi alkawarin bunsuru, ya kuma tabbatar kowa ya ji.

Sai da aka gama shirya komai sannan aka tuna ba a gaya wa mai ɗakin ba. Dattawa suka zo da Inusa, aka gaisa, aka zazzauna a gindin danga, Inusa ya yi bayani yana murna.

Malam ya ce, "Allah ya saka da alheri. Amma ni kwana nawa ya rage mini? Ku kai hatsin nan gidan marayu."

Dattawa suka dubi juna suna gyaɗa kai. Ka ji mutumin Allah.

"Malam, an riga an tara," in ji Inusa. "In muka mayar, mun kunyata."

"To, ku toshe rufin. Rufin kaɗai. Bango lafiyarsa lau."

"Bangon gabas fa, Malam? Hannuna yana shiga tsagar har gwiwa."

"Shi musamman a bar shi."

Aka yi 'yar dariya ta girmamawa. A garin nan ba wanda bai san cewa mutumin kirki ba ya karɓar alheri a tayin farko ba. Ana ba ka abinci ka ce ka ƙoshi, a matsa maka, ka ce alhamdu lillahi, a sake matsawa, sannan ka sa hannu. Wanda ya bar ka a kan a'ar farko marowaci ne. Saboda haka duk sanda Malam ya ce a'a, su abin da suke ji shi ne tawali'u, kuma yawan a'arsa yawan girmansa a idonsu, yawan kuma ƙudurinsu na yi masa abin da ya fi wanda suka yi niyya. Suka tashi suna cewa irin su Malam sun ƙare.

Maganar da za ta tsai da su gajeriya ce, ya san ta, tana nan a maƙogwaronsa: hannun ɗana ne a jiki. Amma ya faɗe ta a gaban wa? A gaban mutanen da suka yi shekaru suna ba 'ya'yansu labarin ranar da bai ɗaga kai ba? Tsoho mai farin gemu ya buɗe baki ya ce kullum yana shafa tafin ɗansa na fari kamar mai jego? Ya gwada ta a zuci, kunya ta rufe shi tun daga ƙafa har ka.

Da yamma Baiwa ta kawo tuwo, ta ajiye da ƙarfi yadda ta saba.

"An ce ka ƙi. Wai kai waliyyi. Waliyyin da ɓera ke kwana a rawaninsa."

"Baiwa."

"Na'am, angon yayata."

"Bangon nan na gabas..." Ya tsaya. Ita ce ta yi wa Isufu wankan jariri, ita ta goya shi, don uwarsa ma kunyarsa take ji. In akwai mai fahimta a duniya, ita ce. Ya ji ta daina motsa ƙwarya, tana jiransa.

"Me ya same shi?"

"Yana tare mini rana da safe," in ji shi.

"Sabon ma zai tare. Ci tuwonka kafin ya huce."

Ya ci, bai ji ɗanɗanonsa ba. Baƙin ciki ya ishe shi, kuma ba wanda zai ɗora wa laifi sai kansa.

Aka bari sai da rani ya tsaya sosai, tubali ya bushe a fili. Sai ga saƙo daga garin Kance, wai Malam Idrisa, abokin karatunsa tun suna samari, yana walimar saukar jikansa, ya rantse ba za a yi addu'a ba sai da Malam Almu. Gaskiya ne akwai walimar. Gaskiya ne kuma Inusa ya riga ya je Kance ya roƙi a riƙe tsohon kwana biyu, don kada ƙura da hayaniya su dame shi. Malam ya ji ƙanshin shiri, makaho ba wawa ba ne. Kafin ya hau jaki ya sa aka kira masa Inusa, ya kama hannunsa ya riƙe.

"Inusa, rufi na ce."

"Rufi, Malam."

"Ba za ka taɓa mini bango ba."

"In Allah ya yarda ba abin da zai ɓata maka rai."

Malam ya san wannan ba amsa ba ce, amma mutane suna tsaye, mai jan jaki yana jira. Ya ce ya manta tasbaharsa, ya koma ciki shi kaɗai, alhali tana aljihunsa. Ya sa hannu a tafin. Ƙasar tana da sanyi. Ya fito ya hau.

A Kance aka karɓe shi kamar sarki. Aka yi walima, aka yi addu'a, ya ce gobe zai koma. Malam Idrisa ya ce wane irin gobe, ko gajiyar hanya bai sauke ba. Washegari aka yanka masa kaza. Wanshekare aka ce jakin ya yi targaɗe. Kowace safiya bayan salla hannunsa kan tashi da kansa ya nufi bango, ya tarar da bangon mutane, ya dawo da shi cinya.

Ranar da abin ya fito, wani mai sai da gishiri ne da ya biyo ta Matameye ya tsaya gaishe su. Mutumin kirki ne, ya ɗauka albishir ya kawo.

"Malam, ai garinku ba a magana sai taka. Da suka yaye rufin suka ga bangon ba zai ɗauki sabuwar azara ba, ga kaya kuma an tara har sun yi yawa. Sai suka ce a yi mai gaba ɗaya. Sun kwantar da ɗakin duka, soro suke tayar maka irin na birni. Na wuce mata suna ta guɗa."

"Duka?" in ji Malam.

"Ko tubali ɗaya ba su bari tsaye ba."

Malam Idrisa ya ce, "Masha Allah. Ka ga amfanin ɗalibai."

Malam Almu ya ce, "Alhamdu lillahi," don ba wata kalmar da ta halatta a wurin. Daga nan bai sake tambayar jaki ba. Masu gida suka ga ya daina zancen komawa, suka ce ya saki jiki. Abinci ne kawai suka lura yana komawa yadda aka kawo shi.

Da aiki ya kammala, Inusa ya zo da kansa ya ɗauke shi. Duk hanya yana ba shi labari: yadda 'yan gayya suka yi ta tattaka ƙasa da kiɗa, yadda bunsurun Illa ya zama ɗan akuya da aka zo yanka, yadda mata suka yi daɓe har ƙasa tana ƙara kamar tukunya. Malam yana cewa madalla a inda ya kamata. Bai ji haushin Inusa ba, abin da ya fi ba shi tausayi ke nan. Yana jin muryar mutumin da ya yi wa malaminsa abin da ya fi ƙarfinsa, yana jiran a ce ya kyauta.

Suka iso da hantsi. Gari ya taru a ƙofar gida, har an tayar da sabon zaure. Mata suka rangaɗa guɗa. Aka sauke shi, Inusa ya kama sandarsa ta gaba ya ja shi, Baiwa tana biye tana cewa a yi a hankali da dokin ƙofa, angon bai saba da gidan masu kuɗi ba. Dattawa suka tsaya daga waje don a bar shi ya fara shiga.

Ɗakin yana ƙanshin makuba da sabuwar ƙasa. Muryoyi suna amsawa a sama, alamar rufin ya yi tsawo. Ya saki sandar, ya juya gabas, don wannan ko a ina aka ajiye shi ya sani. Ya miƙa hannu ya yi taku har ya taɓa bango.

Sumul yake. Ya shafa dama, ya shafa hagu. Ya durƙusa, ya nemi daidai kafaɗar mai zama, ya shafa wurin, ya sake shafawa, ko da yake tun a Kance ya san abin da zai tarar.

"Da dutse na goge shi, Malam," in ji Inusa. "Ko ƙuda ya sauka sai ya zame."

"Ka iya aiki." Malam ya juyo da fuska wajensa. "Ƙasar tsohon ɗakin fa? Ina kuka zuba ta?"

A ransa yana cewa ko an tara ta a bayan danga, ko wani guntu ya tsira, ko da rabin tafin ne, ko da layin nan guda mai baudewa.

Inusa ya yi dariyar magini. "Zubarwa? Ai tsohuwar ƙasa ta fi sabuwa ƙarfi. Mun farfasa ta, muka jiƙa, muka tattake, ita ce wannan da kake taɓawa. Ko ɓarɓashi bai fita gidan nan ba."

Malam ya bar hannunsa a inda yake.

"Da wuya ta fasu ma," Inusa ya ci gaba, don murna ta sa masa surutu. "Wancan yaɓen na gabas ya kama ƙam. Na tuna ranar da aka yi shi, ni na ɗebo ruwan. Allah sarki Isufu, ƙarfi kamar bijimi, amma bai iya gogewa ba, duk bangon yatsunsa ne. Har wani wuri da ya dafa, tafinsa ya fito, wurin ya yi santsi ya yi baƙi kamar ana..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi tsohon da ke durƙushe, ya dubi inda hannunsa yake a jikin bango, daidai tsayin wurin. Shi da kansa ya sa gatari a tafin nan, har ya yi mamakin abin da ya sa shi sheƙi.

Baiwa ce ta fara magana, a hankali, ba wasa a muryarta. "Yana tare maka rana da safe." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Malam," in ji Inusa. "Malam, da ka faɗa..."

"Na faɗa, Inusa. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan." Ya lalubi sanda. "Tashe ni. Mutane suna tsaye a rana."

Aka shimfiɗa masa buzu a ƙofar sabon zauren, jama'a suka zazzauna, aka ɗaga hannuwa. Ya yi addu'a yadda ya saba, murya a daidai. Ya roƙa wa manoma albarkar gona, ya roƙa wa fatake tsarin hanya, ya sa wa marina albarka, ya sa wa matan daɓe. Ya ambaci Illa, aka yi murmushi. Ya ce Allah ya gina wa Inusa ɗaki a aljanna, Inusa yana gefe kansa a ƙasa, mutane suka ɗauka kunyar yabo ce. Aka yi ta amin, har wasu sun fara kai hannu fuska don shafawa, sai suka ji bai rufe ba.

"Da wanda ya fara yaɓa bangon," in ji Malam. Ya tsaya. "Isufu. Ɗana Isufu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta a inda yake kwance."

Amin ɗin ba ta zo da wuri ba. A cikin taron akwai waɗanda suka yi furfura ba su taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, kuma ba wanda ya zo da wani sabon labari daga Damagaram. Suka dubi juna. Tsofaffin mata ne suka fara amsawa, sannan sauran suka bi. Hawaye yana bin gemunsa, bai goge ba, bai kuma sunkuyar da kai ba, a gaban gari duka.

Da aka shafa, ya juya wajen da yake jin shesshekar Baiwa.

"Hatsin gayya ya yi saura?"

"Ya yi."

"A daka gumba gobe a raba. Sadakarsa ta daɗe tana jira."

Soron ya yi kyau, gaskiya ce. Daminar da ta biyo ko ɗigo bai zuba ba, Baiwa ta kwashe ƙorenta ta mayar gida. Baƙi in sun zo kasuwa har kawo su ake yi su gani. Inusa dai bai ƙara bi ta ƙofar gidan ba sai in ya zama dole, kuma in ana yabon aikin yakan tashi ya ba da wuri. Malam Almu damina ɗaya ya yi a ciki kafin ya rasu. In ya idar da sallar asuba sai ya zauna, hannuwansa biyu a kan cinya, har Baiwa ta yi sallama.